Mai Ganga na Ɗaki na Sha Huɗu

A Sheffield, gidan tsofaffi, ɗaki na sha huɗu,
nan nake kai wa Malcolm Oldroyd shayin safe.
Kafin kofi ya sauka, yatsunsa sun riga ni,
suna bin bakin tebur, ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas,
kamar kaza na tsintar tsaba a faranti.

Ubansa maƙeri ne a masana'antar ƙarfe,
gudumar tururi ce ta yi masa reno.
Ya ce tun yana ciki yake jin dukanta
ta ƙasan titi, ta ƙafar gado, ta ƙashin uwa.
Da ya tasa, tukwanen gidan suka shiga uku,
murfi bai tsira ba, bokitin gawayi bai tsira ba.

Yana sha shida ya yi rabon madara da asuba,
hunturu biyu cur, ya sayi ganguna na hannu,
babbar da faci, faifan tagulla a tsage.
Su huɗu ne: Roy mai murya, Keith da Alwyn masu jita,
shi kuma can baya, inda fitila ba ta kaiwa.
Suka raɗa wa kansu suna Tsatsa.

Akwalar motarsu ta mace a hanyar Hull,
suka tura ta cikin ƙanƙara,
suka hau dandali takalma sharkaf.
Mutum tara a zauren, har da mai shara.
Ya ce hannunsa bai ƙara daɗi irin na daren ba.

Sai waƙa ɗaya ta kama kamar wutar kara.
Rediyo, jirgi, otal, Amurka sau biyu,
dubban bakuna suna kiran sunan Roy.
Na ga hoton: Roy a gaba, gashi har kafaɗa,
Malcolm kuwa gwiwar hannu ce ta fito, da rabin sanda.
Ya dangwala yatsa a kai: "Kin gan ni nan."

In ganga ta cika zaƙi, mun san sauran.
Roy ya tafi shi kaɗai, ko sallama babu.
Aka kawo na'ura mai kiɗa ba gumi,
ba ta makara, ba ta neman kasonta.
Kwalba ta karɓe shi hannu bibbiyu,
Maureen ta ɗauki yarinya ta koma Leeds.

Shekara bakwai kafin ya ga hanya.
Ya ja motar burodi, Asabar ya yi kiɗan biki,
Talata ya koya wa yaran unguwa riƙon sanda
a ɗakin ƙasa mai warin laima.
Kunnen hagu ya tafi, ya bar masa shewa
wadda ba ta barci.

Yanzu Gillian kan zo ran Lahadi da lemo,
ya kalle ta, ya kira ta da sunan uwarsa.
Ta gyara masa wuyan riga, ta amsa.

Jiya ruwa ya sauko yana dukan taga.
Na ga kafaɗarsa ta motsa, na miƙa masa cokali biyu.
Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa:
"Ɗaya, biyu, uku, huɗu!"
Tire ya amsa, kofi ya amsa, ƙarfen gado ya amsa,
tsohuwar ɗaki na sha biyar ta leƙo da sandarta.
Na shiga tafi.

Ya tsaya cak.
"Kina gaggawa, yarinya.
Mai ganga ba ya tsere da kowa.
Ƙasa yake riƙe wa mutane su taka."

Na kwashe kofuna, na tura keken shayi,
tayar hagu na kuka duk taku huɗu.
Har ƙarshen baranda ban yi sauri ba.